Yadda Ake Sa Mutumin Zane Ya Yi Gudu Irin na Gaske

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa kallon fim ɗin katun, ko ya yi wasan kwamfuta, ya ga mutumin zane yana gudu. Wani gudun ido yakan karɓe shi nan take, mai kallo ya shagala da labari. Wani kuwa da an gan shi sai a ji wani abu bai zauna daidai ba: ko dai a ga mutumin kamar yana sulɓi a kan santsi, ko kuma kamar an rataye shi da zare ana kaɗa masa ƙafafu. Mai kallo ba lallai ne ya iya faɗin inda gizo ke saƙar ba, amma ya san wannan gudu ba na mutane ba ne, domin tun yana rarrafe yake ganin mutane suna gudu.

Wannan takarda za ta bayyana yadda masu zanen katun suke gina gudun mutum, da lissafin da suke bi, da kurakuran da suka fi faɗawa ciki. Za a ɗauko misalai daga birnin Yawunde na ƙasar Kamaru, saboda a can akwai masu wannan sana'a, akwai kuma tsohuwar unguwar Hausawa wadda mai zane zai iya koyon abubuwa da yawa daga kallon mutanenta. Daga ƙarshe za a dubi kalmomin da Hausa take da su na gudu, da amfaninsu ga wannan aiki.

2.0 Ma'anar zagayen gudu

Fim jerin hotuna ne marasa motsi da ake nunawa da sauri, ɗaya bayan ɗaya, har ido ya ɗauka motsi yake gani. A fim ɗin silima ana nuna hoto 24 a kowane sakan. Ke nan gudun minti ɗaya zai ci hoto 1,440. Babu mai zanen da zai so ya zana wannan adadi don gudu kawai. Dabarar da aka samo ita ce a zana taku biyu, na dama da na hagu, ta yadda hoton ƙarshe zai haɗe da na farko ba tare da tangarɗa ba. Daga nan sai a yi ta maimaita su. Wannan jerin hotuna masu komawa inda suka faro shi ake nufi da zagayen gudu.

Muhimmancin zagayen ya fi fitowa fili a wasan kwamfuta. A watan Afrilu na shekarar 2016 kamfanin Kiro'o Games na Yawunde, wanda Olivier Madiba ya kafa, ya fitar da wasan Aurion: Legacy of the Kori-Odan. Labarin wani sarki ne mai suna Enzo da matarsa Erine, waɗanda aka yi wa juyin mulki ranar bikinsu, suka shiga duniya neman hanyar ƙwato ƙasarsu ta Zama. Zanen hannu ne aka yi mutanen wasan da shi. A irin wannan wasa, mai wasa yakan shafe sa'o'i yana kora tauraron daga wannan wuri zuwa wancan, saboda haka 'yan hotunan nan na gudu su zai gani sau dubbai. Idan akwai aibi a hoto ɗaya daga cikinsu, aibin ma sau dubbai zai bayyana.

3.0 Bambancin tafiya da gudu

Sau da yawa akan ɗauka gudu tafiya ce da aka ƙara wa sauri. Wannan fahimta ita ce tushen kuskuren masu koyo da yawa. Akwai bambanci guda biyu.

Na farko, mai tafiya kullum yana da ƙafa ɗaya a ƙasa, wani lokaci ma duka biyun. Mai gudu kuwa a kowane taku akwai lokacin da babu ƙafarsa ko ɗaya a ƙasa. Wannan ne ya sa a gasar tafiyar sauri alƙalai suke hukunta ɗan wasan da suka ga ƙafafunsa biyu sun rabu da ƙasa, domin ya koma gudu ke nan.

Ido shi kaɗai ba ya iya kama wannan lokaci sosai. Wanda ya kalli sukuwar dawaki ranar hawan salla zai shaida cewa ƙafafun doki sun fi ƙarfin ido. A shekarar 1878, a garin Palo Alto na Amurka, wani mai ɗaukar hoto ɗan asalin Ingila mai suna Eadweard Muybridge ya jera kyamarori 12 a gefen filin sukuwa, ya ɗauki hoton doki daki-daki yana gudu. Hotunan suka nuna akwai lokacin da kofatai huɗu duk suna sama, kuma a lokacin ƙafafun a tattare suke a ƙarƙashin cikin dokin, ba a miƙe gaba da baya kamar yadda masu zane suka saba yi ba. A 1887 ya wallafa Animal Locomotion, mai ɗauke da jerin hotuna 781 na motsin mutane da dabbobi. Har yau masu zanen katun suna komawa ga waɗannan hotuna.

Bambanci na biyu ya shafi hawa da saukar jiki. Idan mutum yana tafiya, jikinsa ya fi yin sama a lokacin da yake tsaye a kan ƙafa ɗaya, domin ƙafar a miƙe take kamar sanda. A gudu akasin haka ne. Lokacin da nauyi ya hau ƙafa ɗaya, gwiwa da idon sawu suna lanƙwashewa, jiki ya yi ƙasa, agara ta miƙe kamar roba, sannan ta saki ta cilla mutum sama. Ƙarfin da ƙafa take dukan ƙasa da shi a gudu yakan kai ninki biyu zuwa uku na nauyin mai gudun. Mai zanen da bai nuna wannan nauyi ba, ko da ƙafafun sun yi saurin walƙiya, mutuminsa zai fito kamar na takarda.

4.0 Sigogi huɗu na taku ɗaya

Masu sana'ar ba sa fara zane daga hoto na ɗaya su bi a jere. Sukan fara da manyan sigogi, wato yanayin jiki a muhimman lokuta, sannan su cike tsakani. A taku ɗaya akwai sigogi huɗu.

4.1 Dira. Ƙafar gaba ta taɓa ƙasa. Tana sauka ne kusa da ƙarƙashin jiki, gwiwa a ɗan lanƙwashe. Idan aka kai ƙafar can gaba a miƙe, sai mutumin ya yi kama da mai taka birki.

4.2 Lotsawa. Nauyin jiki duka ya hau ƙafar, gwiwa ta ƙara lanƙwashewa, ƙugu ya sauka zuwa mafi ƙasa. A daidai nan ɗayar ƙafar take giftawa a naɗe, diddigenta ya ɗago zuwa wajen cinya. Wannan siga ita ke gaya wa mai kallo ko mutumin ƙato ne ko siriri, ko ya gaji ko da sauran ƙarfinsa.

4.3 Tunkuɗa. Ƙafar da ke ƙasa ta miƙe ta baya, diddige ya ɗaga, yatsu ne ƙarshen abin da ke barin ƙasa. Gwiwar ɗayar ƙafar ta yi gaba ta yi sama.

4.4 Shawagi. Ƙafafu biyu suna sama, jiki ya kai ƙololuwa, sannan ya fara saukowa don ɗayar ƙafar ta dira.

Idan aka gama waɗannan huɗu, sai a sake su ga ɗayar ƙafar. Sigogi takwas ke nan, kuma zagaye ya cika.

5.0 Lissafin lokaci

Yawan hotunan da aka ba kowane taku shi ke nuna irin gudun. Lissafin ba shi da wuya. Mai tafiyar yau da kullum yana yin kimanin taku biyu a sakan, wato hoto 12 ga kowane taku. Masu gudun dogon zango sukan yi kusan taku 180 a minti, wato uku a sakan, hoto 8 ga kowane taku, 16 ga zagaye. Gudu mai ƙarfi yakan kai taku huɗu a sakan, hoto 6 ga kowane taku. Richard Williams ya yi bayanin irin wannan rabo a littafinsa The Animator's Survival Kit na 2001, wanda ya zama abin karatu ga masu koyon sana'ar a ƙasashe da dama.

Ana iya gwada lissafin da gudun da aka auna. A birnin Balin na Jamus, a 2009, Usain Bolt ya yi gudun mita 100 cikin sakan 9.58 da taku 41. Idan aka raba, za a ga ya ɗan haura taku huɗu a sakan, wato tsakanin hoto 5 da 6 ga kowane taku, kuma tsawon takunsa ya kai kusan mita biyu da rabi. Darasin da ke nan shi ne, wanda ya fi kowa gudu a tarihin wannan gasa bai kai taku biyar a sakan ba. Saurinsa daga tsawon taku da ƙarfin tunkuɗa ya fito. Don haka idan mai zane ya ba taku hoto 3, ya fita daga gudun mutane ya shiga na barkwanci. Wannan ba laifi ba ne idan dariya ake nema, amma ya kamata ya san abin da ya zaɓa.

Ga misalin rabon taku mai hoto 8: dira a hoto na 1, lotsawa a na 3, tunkuɗa a na 5 zuwa na 6, shawagi a na 7 da na 8, sannan ɗayar ƙafar ta dira a na 9. Yayin da gudu ya ƙara sauri, lokacin taɓa ƙasa yana raguwa. Ƙafar gwanayen gudun mita 100 ba ta wuce kimanin kashi ɗaya cikin goma na sakan a ƙasa, wato hoto biyu ko uku kacal.

6.0 Aikin sauran gaɓoɓi

Bahaushe ya ce ba a haɗa gudu da susar katara. Gaskiyar maganar ta fito ko a ilimin motsin jiki, domin hannu yana da nasa aikin a gudu. Idan ƙafar dama ta yi gaba, hannun hagu ne ke yin gaba, don ya daidaita murɗawar jiki. Gwiwar hannu takan kasance a lanƙwashe, kuma lilon daga kafaɗa yake farawa. Ƙugu yana juyawa ya bi ƙafar da ta yi gaba, kafaɗu kuma su juya ta ɗaya ɓangaren. Haka kuma a lokacin lotsawa ƙugu yakan ɗan karkata ƙasa ta ɓangaren ƙafar da ke sama.

Jiki yana karkata gaba, musamman a farkon gudu lokacin da ake neman sauri. Da gudu ya miƙa sai ƙirji ya ɗago. Kai kuwa shi ya fi kowace gaɓa natsuwa, saboda mai gudu yana bukatar ganin gabansa. Bugu da ƙari, gaɓoɓi ba sa tafiya a miƙaƙƙen layi. Diddige da gwiwa da hannu duk lanƙwasasshiyar hanya suke bi, kamar bakan gizo. Abin da ke rataye a jiki, kamar riga ko jaka ko gyale, yana biyo jiki ne a makare. Jiki ya fara saukowa, riga tana sama tukuna. Frank Thomas da Ollie Johnston, tsofaffin ma'aikatan kamfanin Disney, sun lissafa waɗannan cikin ƙa'idoji 12 da suka bayyana a littafinsu The Illusion of Life na 1981.

7.0 Kurakuran da aka fi yi

Na farko shi ne zamewar ƙafa. Galibi ana gina zagayen ne mutumin yana gudu a wuri ɗaya, daga baya a motsa shi ko a motsa hoton da ke bayansa. Dole saurin biyun ya zo ɗaya. Alal misali, idan tsawon taku santimita 120 ne a hoto 8, to jiki yana ci gaba da santimita 15 a kowane hoto, kuma ƙafar da ke ƙasa dole ta ja baya da santimita 15 daidai. Idan aka samu saɓani, sai a ga mutumin yana sulɓi.

Na biyu shi ne tuntuɓe a wurin haɗi. Idan hoton ƙarshe ya zama daidai da na farko, za a nuna siga ɗaya sau biyu a jere, gudun ya riƙa ɗan tsayawa a kowane zagaye. A zagaye mai hoto 16, hoto na 17 shi ne na 1, don haka ba a saka shi.

Na uku ya shafi masu aiki da manhajar kwamfuta kamar Blender, wadda ake samu kyauta tun 2002. A nan akan sa wa mutumin ƙwarangwal na kwamfuta, mai aiki ya tsara manyan sigogi, na'ura ta cike tsakani. Matsalar ita ce na'ura takan sassauta kowane motsi, alhali kuwa dirar ƙafa duka ce, ba a sassauta ta. Sai mai aiki ya koma ya gyara da hannu, in ba haka ba gudun ya fito kamar a cikin ruwa ake yin sa.

8.0 Wa ke gudun, kuma a ina?

Duk abin da aka faɗa a sama ƙashin bayan aiki ne kawai. Gudu ba ya zama na gaske sai an san mai yin sa. A yau akwai shafukan intanet, kamar Mixamo na kamfanin Adobe, inda ake sauko da gudu shiryayye a ɗora wa kowane mutumin kwamfuta. Wannan yana rage wahala. Amma idan matashi ya zana dattijo da babbar riga da hula ya ɗora masa gudun da aka shirya don soja ko ɗan wasan motsa jiki, masu kallo na gida za su gane nan take cewa kayan ne kawai nasu, jikin na wasu ne.

Maganin wannan shi ne kallo, kuma mazaunin Yawunde ba sai ya yi nisa ba. Unguwar Briqueterie, wadda ta samo sunanta daga masana'antar bulo ta zamanin mulkin mallaka, ita ce aka fi sani da unguwar Hausawa a birnin. Ta yi suna wajen babban masallacinta, da shagunan yadi da teloli, da masu tsire. Wanda ya zauna a bakin titinta lokacin da hadari ya taso zai ga gudu iri-iri cikin minti biyar. Mai babbar riga yakan tattare hannayen rigar a kafaɗa, hannu ɗaya ya dafe hula, saboda haka lilon hannunsa ya ragu, kafaɗu suka ɗauki aikin. Mace mai ɗaure da zane takunta gajere ne mai yawa, gwiwa ba ta ɗagawa sosai. Yarinya mai talla da faranti a ka kusan ba ta da shawagi, domin gwiwoyinta ne ke shanye hawa da sauka don kada kaya su zube. Mai silifa yana damƙe takalmin da yatsu, ba ya cilla ƙafa baya da ƙarfi, kuma silifan yana dukan diddigensa bayan ƙafa ta tashi.

Takalmi ma yana sauya dira. Binciken da Daniel Lieberman na Jami'ar Harvard da abokan aikinsa suka wallafa a 2010, wanda ya haɗa da masu gudu a Kenya, ya nuna cewa waɗanda suka saba gudu ba takalmi sun fi dira da gaban tafin ƙafa ko tsakiyarsa, masu takalmin gudu mai kaurin diddige kuwa sun fi dira da diddige. Ke nan yaron da ke buga ƙwallo ba takalmi a lungu yana da nasa hoton dira daban.

Haka nan ƙasar da ake gudun a kanta. Yawunde gari ne mai tuddai. Mai hawa tudu yana gajarta taku, ya karkata gaba, ya taka da gaban ƙafa. Mai gangarowa yana ja da ƙirjinsa baya, ya buɗe hannaye don kada ya kife. Idan ruwa ya jiƙa jar ƙasar garin, taku yakan ƙara gajarta saboda santsi. A unguwar Etoudi da ke arewacin birnin, inda mayanka take, ana iya ganin gudun masu kora shanu: sanda a hannu ɗaya, jiki a karkace, ido a kan dabba maimakon hanya. Wayar hannu mai kyamara ta isa a ɗauki irin wannan motsi, bayan neman izinin mai shi, a koma gida a duba shi hoto bayan hoto. Abin da Muybridge ya bukaci kyamarori 12 ya yi, yau yana cikin aljihun ɗalibi.

Ba yau aka fara gina katun da abin da ido ya gani a gida ba. Moustapha Alassane na Jamhuriyar Nijar, wanda aka haifa a 1942 ya rasu a 2015, yana cikin waɗanda suka fara wannan sana'a a Afirka. Fim ɗinsa Bon Voyage Sim na 1966 da kwaɗi ya yi shi, amma ɗabi'un shugabannin zamaninsa ya ba su. Ya daɗe yana zaune yana aiki a garin Tawa.

9.0 Kalmomin gudu a Hausa

Ɗalibin harshe zai lura cewa bambance-bambancen da mai zane yake nema Hausa ta riga ta raɗa musu suna. Sassarfa ita ce tsakanin tafiya da gudu, ta dace da hoto 8 ko fiye ga kowane taku, da ɗan gajeren shawagi. Sukuwa ta doki ce. Zabura tana nuna farkon motsi, lokacin da mutum ya tashi wuf. Rugawa da sheƙawa suna nuna gudu mai ƙarfi. Arcewa kuwa tana ɗauke da ma'anar tserewa daga wani abu, don haka mai arcewa yakan waiwaya. Ɗingishi yana rushe daidaiton taku biyu, domin ƙafa mai ciwo ba ta daɗewa a ƙasa.

Akwai kuma salon magana, kamar ya ranta a na kare, ya cika wandonsa da iska, ƙafa me na ci ban ba ki ba, da gudun ya da ƙanin wani. Duk suna nuna gudun tsoro ko na gaggawa, wanda ba shi da tsarin gudun ɗan wasa. Kalmomin amsa-kama su ma suna ba da hoto: tinƙis-tinƙis na mai nauyi ko gajiya, buguzum-buguzum na mai manyan kaya, cakwal-cakwal na mai ratsa taɓo. Marubucin labarin da ya rubuta wa mai zane cewa dattijo ya taho buguzum-buguzum ya ba shi umarni mai ma'ana fiye da wanda ya rubuta ya zo da gudu kawai.

10.0 Kammalawa

A wannan takarda an ga cewa zagayen gudu taku biyu ne da ake maimaitawa, kuma kowane taku yana da sigogi huɗu: dira, lotsawa, tunkuɗa da shawagi. An ga cewa shawagi da nauyi su ne suka raba gudu da tafiya, kuma yawan hotunan da aka ba taku shi ke nuna saurinsa. An kuma nuna cewa sutura, takalmi, yanayin ƙasa da dalilin gudun duk suna sauya waɗannan sigogi. Lissafi ana koyon sa daga littafi cikin 'yan kwanaki. Sanin yadda mutanen wani wuri suke gudu kuwa sai an zauna an kalle su, an kuma saurari kalmomin da suke bayyana gudun nasu da su.